Amanar Da Na Yage Da Hannuna

Ina gaida masu karatu. Lokacin da abin ya faru, wata bakwai ke nan da kawo ni Paris daga Maraɗi, amarya, ban iya Faransanci ba, kullum ina zaune ni kaɗai a ɗakinmu na unguwar Belleville. Maigidana mutum ne marar yawan magana. Akwai wani akwatin ƙarfe da ya ajiye a saman kabad, ya ce kada in bari rana ko laima ta taɓa shi, kada kuma in buɗe. Da na tambayi abin da ke ciki, sai ya ce kayan mutane ne.

Zaman kaɗaici ya sa zuciyata ta fara saƙe-saƙe, musamman da na ji yana yawan waya da wata mace a Lyon, garin da ya yi karatu. Ranar da ya tafi aiki na sauke akwatin. Ƙananan ƙunshi na tarar, cikin tsohuwar takarda mai santsi, kowanne a liƙe. Na ce lallai hotunanta ne. Na yage ɗaya, na ga katuna masu hoton 'yan wasan ƙwallon sanda na Amirka, da busasshen cingam. Maimakon in tsaya, sai na ce ɓad-da-sawu ne, na bi sauran duka na yage.

Da ya dawo ya gan su a kan gado, bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya gaya mini na wani tsohon Bafaranshe ne da ya ba shi masauki kyauta shekara huɗu a Lyon. Tsohon ya adana su tun yana saurayi, irin kayan da masu tarawa ke saye da tsada ne, amma darajarsu duk a rufewar take, kuma da zai mutu ya damƙa masa su ya ajiye wa 'yarsa har ta dawo daga ƙasar waje. Ita ce mai wayar, ba ta daɗe da dawowa ba.

Ran Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da akwatin. Daga baya na ji ya ce wa 'yar tsohon wai shi ne ya buɗe su, ita kuma ta ce kada ya sake kiranta. Na roƙe shi ya bar ni in faɗa mata gaskiya. "Ni aka ba amana, ba ke ba," ya ce.

Ya yafe mini, muna tare har yau, amma bai ƙara ambaton Lyon ba. 'Yan uwana, in zargi ya shige ku, ku buɗe baki ku tambaya. Ni hannu na fara sawa, mutuncin wani ya tafi a kai.