Ƙoshiyar da Baba Bai Kai Gida Ba

Yayata mai buga takardu ce. Tun ina ƙarama take zaune a wata rumfa a bakin kotu, da fari da tafireta mai ƙarar tsiya, daga baya da kwamfuta da firintar da sai an lallaɓa ta take aiki. Takardar neman aiki, takardar haya, takardar rantsuwa, duk ta hannunta suke bi. Mutum zai zauna a benci ya yi ta kame-kame, ita kuwa ta tsince abin da yake nufi ta buga masa a layi biyar. Ba ta da yawan magana. Ni ce Allah ya ɗora wa bakin gidanmu, kuma sana'ata ta sayar da takalma ba ta rage min komai ba.

Akwai abu ɗaya da Yaya take yi wa kanta. Kullum da safe, kafin ta kai shayi bakinta, sai ta cika shafi guda da biro. Ba don wani ya saya ba, ba don wani ya karanta ba. Ranar da ta haifi ɗanta na biyu ma sai da ta ce a miƙo mata jakarta. Mijinta ya yi mita har ya gaji. Ni kuwa nakan ce mata, mai ɗinki ba ya tashi daga keke ya ɗauki allura don hutu, ita wace irin jaraba ce? Ko kallo ban ishe ta ba. A 'yan shekarun nan tarihin Baba take rubutawa, kuma ta ce ba za ta tsallake rana ba sai ta kai ƙarshe.

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne. Da akwatin ƙarfe yake yawo shago-shago, ya kwance, ya goge, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Duk telan da ke unguwarmu ya san shi, amma babu wanda ya san wani nasa. Mun tashi ba kaka, ba gwaggo, ba baffa ta wajen uba. In muka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Nisa gare shi," ya aike mu ɗebo ruwa. Innarmu ma har ta rasu abin da ta sani ke nan. Saboda haka littafin Yaya ya fara ne da mutum mai gemu, babu yarinta a cikinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya ce ke jinyarsa. Wata rana da hantsi ya ce ta buɗe akwatin aikinsa, ta ɗaga tiren sama, ta ɗauko wani ƙullin tsumma. Ƙoshiya ce a ciki, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa a cikin keke. Tsohuwar yayi ce, amma ba ta taɓa shiga keke ba, sai sheƙi take yi don yawan gogewa.

"Ki kai wa Inna," in ji shi. "Ki ce na samo. Ni na karya mata tata."

Yaya ta ce, "Wace Innar, Baba?"

"Inna mana. Ɗinkin mutane na jiranta."

Mutumin da ya haura tamanin yake maganar mahaifiyarsa kamar tana tsakar gida. Bai sake tayar da zancen ba, kuma a makon ya rasu.

Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Yaya ko gezau. Ta karɓi gaisuwa, ta wanke kofuna, ta mayar da tabarmin aro, kuma kowace safiya ta cika shafinta. Na ɗauka ko a takarda take kukan, sai ranar da na leƙa na ga abin da take rubutawa: fanka tana juyawa, an kawo wuta, an ɗauke, maƙwabciya ta shanya zannuwa. Haka har ƙasan shafi, babu Baba ko sau ɗaya. Raina ya ɓaci na ce, "Yaya, dutse ne a ƙirjinki?"

"Ban sani ba, Auta," ta ce. "Ba na jin komai. Ko yunwa sai na duba agogo."

Abin ya ba ni tsoro fiye da a ce ta faɗi tana birgima.

Ita ce ta je wajen tsohon telan da ya fi kowa daɗewa da Baba, ta zauna masa a shago har ya tuno sunan garin, da cewa uwar Baba tana ɗinki a bayan tashar jirgin ƙasa. Ta dawo ta ce za ta kai saƙon. Na ce wa za ta kai wa, kabari? Ta ce ko waye ya rage a gidan. Na ce ba za ni ba, ina da rumfa. Da gari ya waye ni ce na riga ta isa tashar mota, don ba zan bar mace a wannan halin ta kama hanya ita kaɗai ba.

Tafiyar ba ta da wani labari. Motar farko ta lalace a hanya, muka zauna a gindin bishiya muna kallon direba yana zagin injinsa. Muka kwana a wani masauki mai katifa kamar tabarma, famfon banɗaki yana ɗiga a bokiti. Da safe na farka na ganta a bakin gado, ta ɗora takarda a kan jaka tana rubutu. Na ce shayin fa zai huce. Ta ce saura layi kaɗan. Na san abin da ke ciki ba sai na leƙa ba, famfo ne da bokiti.

Garin ya fi yadda na zata girma, kuma babu ruwansa da mu. Tashar jirgin tana nan amma jirgi ya daina zuwa, awaki ne ke kwance a kan dandamali. A bayanta layin shaguna ne: mai walda, mai cajin waya, mai aski, teloli birjik. Duk matasa ne. Da Yaya ta fara bayani a hankali kamar mai karanta takardar rantsuwa, sai su ce "Allah sarki" idonsu na kan ɗinki. Ni na karɓe tambayar, na shiga shago-shago kamar mai tallar takalma, har wani ya ce mu gwada mai wanki da guga na ƙarshen layi, shi ne ya girmi unguwar.

Mai gugar yana yayyafa wa wata riga ruwa ya saurare mu. Ya ce ya san gidan da ake ce wa gidan mai ɗinki, ko da yake rabon da a yi ɗinki a cikinsa an daɗe. Tsohuwar ta rasu tun yana saurayi, amma 'yarta tana nan. Ya nuna mana lungu da bakin dutsen gugarsa, ya ce ƙofa mai shuɗin fenti.

Wata mata mai goyo ta buɗe mana, matar jikan gidan ce. Ta kai mu wani ɗaki a can ciki. Tsohuwa tana zaune a kan gado, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, idanunta sun yi fari. Da na ga goshinta da yadda ta karkatar da kai don ta ji da kyau, sai na gane jininmu ce, don haka Baba yake yi in yana sauraron ƙarar keke. Muka durƙusa muka gaishe ta. Yaya ta faɗi ko mu 'ya'yan waye, ta faɗi sunansa na yanka.

Tsohuwar ta juyo da fuska wajen Yaya. Can ta ce, "Ƙanena ne. Yana ina?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Gwaggo."

Ta yi masa addu'a a hankali, ta shafa. Ba ta yi kuka ba ita ma. Na ce a raina, ashe Yaya gado ta yi.

Yaya ta kwance ƙullin ta saka mata ƙoshiyar a tafin hannu, ta maimaita saƙon Baba kalma da kalma, yadda take yi wa masu takarda. Gwaggo ta jujjuya ƙarfen da yatsu, ta lalubo ɗan marfin ta ɗaga, ta sake shi ya yi ƙas.

"Wannan ce ta hana shi dawowa?"

Ta damƙe ƙoshiyar a tafin hannu.

"Shi fa hannunsa ba ya zama," in ji ta. "Komai ya gani sai ya kwance. Ranar Inna ta fita kasuwa sayen zare, ya zauna ya buɗe mata keke wai zai ga yadda zaren ƙasa yake kama na sama. Ya danne marfin ƙoshiyar ya ɓalle. Ga kayan mutane jibge. Ni na tarar da shi yana ta zufa. Na ce masa yau ka shiga uku, Inna za ta yanka ka. Wasa nake yi. Ya ce in ce mata ya tafi nemo wata, ba zai shigo gidan nan ba sai da ita."

Na ce, "To keken fa, Gwaggo? Haka ya zauna?"

"Wane zama? Washegari telan bakin tasha ya ba Inna wata, yana da su a gwangwani. Ko minti biyar ba a yi ba keke ya tashi. Inna ta yi ta ɗinki a kansa har ƙarfinta ya ƙare."

Na ji kamar in tashi in fita. Haushi ne ya kama ni, kuma na rasa wa zan ji wa. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana gyara keken kowa a garin da ba nasu ba, ƙoshiyoyi nawa suka bi ta hannunsa, a kan abin da ake zubawa a gwangwani. Na dubi Yaya. Fuskarta tana nan yadda take, hannayenta a kan cinya.

Gwaggo ta ce wa matar jikanta ta kai mu zaure mu ga keken. Mun wuce shi da muka shigo ba mu lura ba, don an rufe shi da tsohon zane an ɗora kwanuka a kai. Zauren duhu gare shi, ba taga, sai hasken da ke shigowa ta ƙofar waje. Kowace 'yar mai gyaran keke ta san ba a ajiye keke a irin wannan wurin. Baba har faɗa yake yi da teloli a kan haka, ya ce haske ta hagu, in ba so kake ka makance ba. Da muka koma ɗaki Yaya ta tambaya.

"Da a gindin taga yake," in ji Gwaggo. "Bayan ya tafi ta sa aka dawo da shi zaure, ya fuskanci ƙofa. Wai kada ya zo ya leƙa ya ji tsoron shigowa ya juya. An yi an yi ta koma wajen haske ta ƙi. Da idonta ya raunana ni nake zura mata zare. Da ta rasu na hau keken, ni ma ban matsar da shi ba."

Matar jikan ta kawo ruwa, muka sha. Aka yi ta lissafin dangi, wane ya haifi wane, wance tana aure a ina. Yaya ta fito da biro ta rubuta sunayen a bayan tikitin mota. Na fara tunanin mun yi tafiyar banza, za mu koma da sunaye cike da jaka da Yaya yadda na zo da ita.

Da muka tashi sallama, Gwaggo ta riƙe hannun Yaya, ƙoshiyar tana ɗaya hannun.

"'Yar nan, in tambaye ki. Da ya tafi ko kafaɗata bai kai ba, kullum ina tsokanarsa da gajere. Ya yi tsawo kuwa?"

Yaya ta buɗe baki ta rufe. Matar da ta cika ɗaruruwan shafuka a kan mutumin nan, ta rubuta yadda yake riƙe sukudireba da irin man da yake saya, aka tambaye ta tsawonsa ta rasa ta cewa. Ni na amsa. Na ce, "Ya yi tsawo, Gwaggo. Sai ya sunkuya yake shiga ɗaki."

"To, madalla," ta ce. "Da Inna ta ji daɗi."

A masaukin garin muka kwana. Da safe na farka na ga takarda a kan gado, biro a kanta, ba a rubuta ko ɗigo ba. Mai shayi ya riga ya aiko, kuma kofin Yaya babu komai a ciki, ta shanye. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ta juya min baya. Ta ɗaga hannu sama da kanta ta dafa katakon ƙofar, ta ɗan matsar da shi sama, ta dawo da shi ƙasa kaɗan, tana neman daidai inda kan Baba yake kaiwa. Kafaɗunta suna rawa.

"Auta," ta ce, "nan ne, ko ya fi haka?"

Na tashi na je na kama hannunta, na ɗaga shi sama kaɗan.