Kishin da Na Yi da Tsohon Karen Babana

Shekarun baya, da matata da 'ya'yana biyu da gemuna da komai, na zauna na yi kishi da kare. Ba kishin wasa ba, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Yanzu ina iya ba ku labarin ina dariya, amma a lokacin ko kaɗan abin bai ba ni dariya ba.

Mahaifina fataucin fata yake yi a nan Agege. Yakan sayi fatun shanu a hannun mahauta a abbatuwa, wato mayanka, a barbaɗa musu gishiri, a jibge su a wani rumbu da ke bayan gidanmu kafin masu saye su zo. Da ɓarayi suka fasa rumbun sau biyu, sai ya samo kare don gadi, wani ja mai tsagaggen kunne. Karen bai taɓa taka cikin gida ba. A jefa masa ƙashi, ya yi haushinsa, iyakar hulɗarsu ke nan har fiye da shekara goma.

Sai kun san waye Baba kafin ku gane ciwona. Mutum ne mai tsauri, dariyarsa ma sai da dalili. Ina yaro na yi fama da fitsarin kwance har na kai wajen shekara tara. Ranar da ya gaji da ni, ya sa aka kamo kwaɗo a kwata aka ɗaura mini a ƙugu, aka aza mini jiƙaƙƙiyar tabarmata a ka, yaran layinmu Hausawa da Yarabawa suka bi ni da tafi da waƙar tsokana har bakin titi. Haka ake yi a da, wai kunya da tsoro su sa yaro ya daina. Daga baya na daina ɗin, amma ban taɓa manta sanyin cikin kwaɗon nan a jikina ba.

To, karen ya tsufa. Haushi ya ragu, ƙafafun baya suka fara rawa, sannan fitsari ya fara zubo masa ba tare da ya sani ba. Duk inda ya kwanta sai ya tashi ya bar lema, ga zarni. Na tabbata Baba zai sa a kore shi, don na san ra'ayinsa a kan masu jiƙa shimfiɗa.

Wata rana da hantsi na biya in gaishe da iyayena kafin in wuce shagona na kayan waya. Mahaifiyata ta ce Baba yana baya. Na zagaya, sai na tarar da Baba a durƙushe gaban kare, da bokitin ruwan ɗumi da tsumma, yana wanke masa cinyoyi. Bai ji zuwana ba. Ina tsaye na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri, mutumina. Ba laifinka ba ne."

Wallahi sai na juya na bar wurin. Ni tunda nake, "kai" ne sunana a bakinsa. Yau ga kare ya zama mutuminsa, har da ba laifinsa ba ne.

Ashe har shatar keke ya yi ya kai shi wurin wata likitar dabbobi, Bayarabiya, da ke kusa da abbatuwa. Ta duba shi, ta ba da ƙwayoyi, ta ce kada a rage masa ruwan sha don hakan zai ƙara masa wata cutar. A riƙa fitar da shi akai-akai, a wanke wurin da fitsarin ke taɓawa, a busar sosai, a shafa basilin don kada fatar ta saɓule. Baba ya riƙe wannan bayani kamar karatun allo. Ya shimfiɗa leda, ya ɗora tsofaffin buhuna da tsummokara a kai, yana canzawa yana wankewa da hannunsa. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba.

Ni kuwa kullum na zo sai na sami abin da zan ƙara wa takaicina. Har aike na ya fara yi kemis in sayo famfas ɗin manya, wai zai huda wurin wutsiya ya sa wa karen. Mai kemis ya tambaye ni wa ke jinya a gidanmu, na ce masa, "Oga, kare ne. Ɗan gatan gidanmu." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Sai kuma Baba ya rage zuwa masallaci. Mutumin sahun farko ne shekara da shekaru, amma yanzu ana kiran salla sai ya ce, "Ku je, na taɓa fitsarin kare, kayana ba tsarki." Ya shiga ya yi wanka, ya canza kaya, ya yi sallarsa a ɗaki. A rana sai ya canza wando sau huɗu. Dattawan unguwa suka fara tsegumi, wai Alhaji ya bar jam'i saboda kare. Ni kuma na samu abin da nake nema, na naɗa wa kishina rawani. Na daina cewa a raina "ya fi son kare da ni", na koma cewa "kare yana raba Baba da lada".

Akwai wani abokina, mutumin Nijar, da ke gadin wata gona a Ikorodu. Na kira shi na kwashe labarin na gaya masa, ban da maganar kwaɗo. Ya ce, "Kawo shi nan, aboki. Fili gare mu, ya yi ta fitsarinai inda ya ga dama." Na ari motar wani maƙwabcina ranar Asabar da safe, lokacin da na san Baba yana abbatuwa. Na sa wa karen igiya a wuya. Bai yi gardama ba, ya miƙe da ƙyar yana kaɗa mini wutsiya, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ina jan sa sai ga mahaifiyata ta fito da muciya a hannu.

"Ina za ka kai shi?"

"Ikorodu, Inna. Kina ji ana ta maganar Baba a unguwa a kan wannan abin."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Famfas ɗin da kake sayowa, sau nawa ka taɓa ganin sa a jikin karen nan?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba.

"Zagaya bayan rumbu ka dubi igiyar shanya."

Na zagaya. Ga buhuna, ga tsummokaran kare, a tsakaninsu kuma ga wandunan Baba a jere, an lulluɓe kowanne da tsumma yadda mai wucewa ba zai lura ba. Na dawo wurin Inna.

Ta rage murya ta ce, "Tun bara abin ya same shi. Ko ni bai gaya mini ba, a shimfiɗa na gane, na kuma yi kamar ban gani ba. Tsoro yake ji ya yi sujada a sahun farko abin ya zubo masa a gaban mutane. Gara a ce kare ya hana shi jam'i da a san gaskiya. In ka ɗauke karen nan yau, gobe da me ubanka zai fake?"

Ban kai ga kwance igiyar ba Baba ya shigo. Ashe ya daina daɗewa a waje, ni ne ban lura ba. Ya dubi igiya, ya dubi motar da ke ƙofar gida, ya dube ni. Ƙarya ce ta fara zo mini, na kuwa kama ta hannu biyu. Na ce, "Wanka zan yi masa, Baba. Yau ka huta."

Ya san ƙarya nake yi. Ya ja benci ya zauna. Na ɗebo ruwan ɗumi na durƙusa, ni da ban taɓa taɓa kare da son raina ba. Yana daga zaune yana gyara mini. "A hankali, wurin ya yi ja. Busar da shi tukuna kafin ka shafa man." Na ci gaba da wanke shi, ruwa na ɗiga a bokiti, motocin haya na danfo suna ta hon daga titi. Can ya ce, idonsa a kan karen, "Kwaɗon nan da na sa aka ɗaura maka. Na ɗauka da gangan kake yi."

Na ce, "Ai ya wuce, Baba." Gaskiyar magana, bai wuce ba sai a ranar.

Na yi mako biyu ina wanke kare kafin in sami bakin ce masa likitar nan ta ce irin wannan larura ko a jikin mutum tana da magani in an duba. Ya yi kamar bai ji ba. Kwana uku bayan haka ya ce in zo in raka shi unguwa, unguwar kuwa asibiti ce. Aka gano wani kumburi ne da ke damun tsofaffin maza a hanyar fitsari. Aka yi masa aiki, ya samu sauƙi sosai, ya koma sahunsa na farko. Karen bai ga ƙarshen damina ta gaba ba. Baba da kansa ya nuna inda za a haƙa masa rami a bayan rumbu, ni na riƙe shebur.

In na ce muku kishin ya tafi gaba ɗaya na yi ƙarya. Har yau in na tuna cewa maganar da na yi shekara kusan talatin ina jira, kare aka fara gaya wa, sai in ji wani ɗan abu ya motsa mini a rai. Sai dai na san da ba don karen ba, da tawa ma ban samu ba. Kuma saura kaɗan in tona asirin mahaifina a unguwa da hannuna, ina ganin aikin lada nake yi.

Ƙaramin ɗana yanzu shekararsa bakwai, kuma ya gado ni. Duk safiyar da na tarar da katifarsa a jiƙe, yana raɓe a bango yana jiran faɗa, nakan ɗauko bokiti da tsumma in durƙusa, in gaya masa abin da na ji Baba ya gaya wa kare.