Kakana da Abincin 'Yan Sama Jannati

Ranar Laraba ce, kwana uku bayan babbar sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Gidanmu na unguwar Koki ya cika da ƙamshin suyar layya, Umma tana kwashe nama daga kasko, mu kuwa yara mun kewaye ta muna jiran a miƙo mana ɗan hanji. Aka ba ni kwanon kakanmu, Baba Tsoho, na kai masa ɗaki. Da ya buɗe ya ga faten tsaki ne da dakakken nama a ciki, sai ya mayar da murfin, ya ture kwanon da bayan hannu. "Amarya," haka yake kirana saboda wasan jika da kaka, "mayar mata. Ki ce ba yau aka yaye ni ba."

Baba Tsoho baduku ne a Kasuwar Kurmi, mutumin da yake tsinke zaren ɗinki da haƙori, ya tauna ƙashi har sai an ji ƙararsa daga tsakar gida. Ana gab da sallar ciwon haƙori ya matsa masa, aka cire ragowar haƙoransa. Tun daga nan ya daina fita zaure cin ciyayya da maƙwabta, don ba ya so a ga ana kawo masa abincin jarirai. Ruwan shayi kawai yake kurɓa. Kafin wata guda riga ta fara yi masa yawa, ya bar zuwa kasuwa. Babanmu ya lallasa har ya gaji, Umma kuma na sha ganinta tana share ido a bakin murhu, ta ce hayaƙi ne.

Ana cikin haka babbar yayarmu Binta ta dawo hutu daga makarantar kwana. Ita ba ta roƙe shi ba. Da hantsi ta ja kwanukan wanke-wanke zuwa ƙofar ɗakinsa, tana saɓawa ina ɗauraya, ta ɗaga murya tana ba ni labarin da malamar kimiyya ta karanta musu a wata tsohuwar mujalla. Ta ce 'yan sama jannati na farko, ƙarfafan maza da aka tace daga cikin matuƙan jirgi, niƙaƙƙen nama da ganye suke ci, an ɗura a mazubi irin na man goge baki, su matsa su tsotsa. Can sama komai yawo yake yi, ɓurɓushin burodi ma yana iya faɗa wa mutum a ido ko ya shige cikin na'ura.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan labule. "Binta, su waɗannan mutanen, da haƙoransu?"

"Ko ɗaya bai fita ba, Baba Tsoho."

Sai ya ce, "To, miƙo min in ga abin da uwarku ta dafa." Cokali huɗu ya ci. Umma ta ƙirga daga nesa.

Daga ranar kullum Yaya Binta sai ta ba shi labarin kaɗan, ba za ta ƙara ba sai ta ga gindin kwano. Ta gaya masa yadda aka koma yanka musu abinci ƙanana kamar sukarin kwali, a lulluɓe shi da wani abu don kada ya marmashe. Ta gaya masa yadda aka fara busar da dafaffen abinci a leda, sai an zuba ruwa ya dawo. Nan ya yi dariya har da tari, ya ce ai wannan tsohon guzurin fatake ne, busasshiyar kuɓewa ta riga su. Da ta zo kan lokacin da suka samu ruwan zafi da cokali ya taya su murna. Amma da ya ji gishiri da barkononsu na ruwa ne, ɗigawa ake yi, ransa ya ɓaci, ya ce an ci mutuncin yaji.

Mu yara kuwa sai muka mayar da abin wasa. Mu ƙulla fura a leda, mu hau matakalar soro, mu huda gefe muna tsotsa muna tafiya a hankali kamar ba mu da nauyi. Wata Juma'a bayan masallaci Baba Tsoho ya ce a ƙulla masa tasa. Ya dogara sandarsa har zaure, ya zauna a tsakiyar abokansa, ya ɗaga ledar ya ce, "Haka ake ci a sama." Tsofaffin suka kwashe da dariya, Malam Sabo maƙwabcinmu ya ce shi ma a kawo masa. Washegari kwanonsa ya koma zaure, bayan sati biyu shi ma ya koma rumfarsa a kasuwa.

Kafin hutu ya ƙare labarin Yaya Binta ya ƙare, ta faɗa masa gaskiya cewa iyakar abin da ta sani ke nan. Ya ce, "Tun ranar farko na gane dabararki. Labarin ne da daɗi." Ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana ci yana tsokanarmu.

Yanzu an raba gidan Koki gida uku, zauren ya zama shagon cajin waya. Yaya Binta tana aure a Fatakwal, sai mu yi wata biyu ba mu gaisa ba. Kwanan baya ina cin abincin rana a ofis, 'yata ta turo min bidiyon 'yan sama jannati suna tsinkar latas da barkonon da suka shuka da hannunsu a can sama, suna haɗawa da abincin da suka ɗumama. Na kalla sau uku. Na kira Yaya Binta, wayar ta yi ta ƙara ba ta ɗauka ba, sai na rufe kwanona. Akwai labarin da mutum ɗaya ne kawai ya iya sauraronsa, Baba Tsoho.