Ni ce na ɗauki sunan Mama Rifkatu

Mama Rifkatu ta rasu. Yau da safe labarin ya same ni, ina durƙushe, sunanta na bakina.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce uwar zumuntar mata a cocinmu a Mararaba, mai sayar da kunun zaƙi a bakin tasha. Da na zo Abuja ban san kowa ba, ita ta fara ce min "'yata". Lokacin da na yi ɓari, ita ta zo da gwaten acca a kula, ta zauna a kaina sai da na shanye. In na makara zuwa sujada sai ta ce, "Ga 'yar Gwarinpa ta iso, a ba ta kujera mai laushi." Alhali shagon wani kawai nake tsarewa a can unguwar masu kuɗin.

Muna da wata al'ada a zumuntarmu, ita ta zo mana da ita daga ƙauyensu. Lahadin farko na shekara kowa ta rubuta sunanta a 'yar takarda, a naɗe, a zuba a kwano, kowa ta sa hannu ta ɗauki ɗaya. Wadda kika ɗauki sunanta, ke za ki riƙa yi mata addu'a kullum har shekara ta ƙare. Ba a faɗa wa kowa, ko ita mai sunan. Mama takan ce, "Ta haka kowa tana da mai tsare mata baya."

Bana ni na ɗauki sunanta.

Na san na karya doka da na faɗa, amma abin ya fi ƙarfin cikina.

Wata biyun farko na riƙe da gaske. Daga nan sai sammakon gudun gosulo a hanyar zuwa aiki, sai dawowa a gajiye kamar an yi min duka. Na ce a raina, matar da take yi wa gari guda addu'a, me tawa za ta ƙara mata? Tun bikin Ista ban sake ambaton sunanta a gaban Ubangiji ba.

Alhamis da ta wuce na sauko daga mota da wuri, rana na dukan kowa, 'yan acaɓa na ta sharce gumi. Na hango Mama a wajen sana'arta da suwaita, ta kuma yafa zane a kafaɗa.

"Mama, lafiya? A wannan zafin?"

"Lafiya lau, 'yata. Na je asibiti ma, sun yi tes, ba su ga komai ba. Bayana ne kawai nake jin sanyi, kamar an bar ƙofa a buɗe."

Tana zuba min kunu, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Ina ga mai riƙe da sunana ta gaji. Ba komai, Abuja ce. Gajiya ba zunubi ba ce."

Dariya na yi. Ni Saratu, dariya na yi, na ce, "Haba Mama, wa zai manta da ke?"

Sai ta ɗago ta dube ni. Babu fushi a idonta, kallo ne kawai, amma ya daɗe. Da ta miƙo min kofin yatsunta suka taɓa nawa, sanyi ƙalau kamar ta ciro su daga randa.

"Ki gaida gida," ta ce.

A hanya na yi wa kaina alkawari gobe zan fara. Goben nan sai da ta kai yau Talata.

Na ciro takardar daga cikin Littafina Mai Tsarki, na durƙusa. Niyyata in ce, ya Uba, ka ba baiwarka Rifkatu lafiya. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, "Ka karɓi baiwarka." Na tsaya. Na sake farawa, shi dai ya sake fitowa. Ban kai ga na uku ba wayata ta yi ƙara. Hannatu ce, babbar 'yarta.

"Anti Saratu, Mama ta tafi. Yanzun nan. Ta yi wanka ta zauna a bakin gado, ta ce in rufe mata ƙofa. Anti, ƙofar fa a rufe take."

Na san abin da za ku ce, kuma na yarda. Rai na Allah ne, addu'ata ba ita ke riƙe da numfashin kowa ba. Fasto ma haka ya ce min ɗazu a gidan makokin. Amma aiki ɗaya tak aka ba ni. Kuma yadda aka koya mana, mai rai ake yi wa addu'a, wanda ya tafi ya riga ya isa hannun Ubangijinsa. Watannin nan ba ni da inda zan rama su.

Akwai kuma abin da ya hana ni zama. Mama ma ai ta ɗauki suna. Ni da Hannatu mun bi Littafinta shafi-shafi, mun zazzage jakarta, mun ɗaga katifa, ba mu ga takardar ba. Wato tun safiyar yau akwai ɗaya a cikinmu da ba mai ambatonta. Ba mu san ko wace ce ba, ita ma ba ta sani ba.

Ya Ubangiji, mun gode maka saboda rayuwar Mama Rifkatu. Ka ta'azantar da Hannatu da ƙannenta. Ni kuma ka gafarta min sakacina, a cikin sunan Yesu.

Matan zumunta, kowa ta ciro takardarta yau, kada ta jira gobe.

Ku kuma da kuke karantawa, ina roƙonku, kafin ku wuce ku tsaya ku yi wa matar nan addu'a. Ba ni da sunan da zan ba ku. Ku dai ce wadda Mama Rifkatu take riƙe da ita, Allah ya san ta. Amin.