A Rubuta Sunan Baba Proko a Dutsen Bakin Teku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya yi wa Prokopy Selanoff rasuwa a gidansa da ke bayan coci, bayan ciwon huhun da ya yi ta fama da shi tun farkon shekara. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Ya bar matarsa Matrona, da 'ya'ya mata biyu, Fekla da Daria, da jikoki. Duk garin nan Baba Proko muke ce masa.

Ni Halvor Nystrom, kowa ya san ba mai yabon mutane ba ne. Na sauka tsibirin nan na Kodiak daga Norway ina saurayi, da jaka ɗaya da takardar sakandare wadda har yau ba wanda ya nemi ya gani. Da yankan kifi na fara. Yau jiragen kamun kifi biyu nawa ne. Masaukin maharba da ke bakin gaɓa da hannuna na gina shi. Injin ƙanƙarar da kowa ke ɗiba a tashar jiragen ruwa ni na kawo shi. Ban ci gadon kowa ba, ban auri 'yar mai hali ba, ba wanda ya taɓa tsaya mini. Na faɗi haka ne don a san nauyin maganata: a duk rayuwata mutum ɗaya ne ya yi mini abin da ba zan iya yi wa kaina ba, shi ne wanda muka binne ranar Juma'a.

Baba Proko, ba zan manta ranar da na fara shiga rumfarka ta gyaran bindiga ba. Na sayo sabuwar bindiga daga birni, irin mai zoben ƙarfe a ƙasa wanda ake turawa a jawo, kwanson harsashi ya fita, sabo ya hau. Farin ƙarfe ce, wanda aka ce ruwa ba ya yi masa komai. Gajera ce, ba ta sarƙewa a kurmi, tana zama a kafaɗa kamar don ni aka auna ta. Ba gyara na kawo ba, nuna maka na zo yi. Ka juya ta, ka shinshina ta, ka dube ni.

"Kai ɗan Norway, wannan bindiga ce ko kaskon suya? Man da ka zuba mata ai ya isa a soya kifin gidan biki."

"Baba, ba ta tsatsa fa. Haka suka ce."

"Su wa? Sun taɓa kwana a nan? Sa safar hannunka ka ɗana mini ita."

Na sa safar hunturu, na kai hannu, yatsuna suka ƙi shiga zoben. Ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka.

"To idan beyar, ƙaton naman dajin nan, ya fito sai ka ce masa ya dakata ka tuɓe safa. Ai yana da kunya, zai jira."

Ka karɓe ta. Ka buɗa zoben ya ɗauki hannu da safa. Ka wargaza cikinta ka wanke man tas, ka ce mai a sanyin nan danƙo yake zama, ka shafa mata baƙin gari busasshe. Ka nuna mini cewa gangar jikin ce kawai ba ta tsatsa, ƙananan ƙarafunan ciki gishirin teku na cin su a ɓoye. Ka liƙe bakinta da ɗan tef don kada laka ko ƙanƙara ta shiga, ka ce harsashi ya san hanyarsa. Sannan ka watsa mata ruwan teku ka jingine ta a waje ta daskare, ka ɗana ta a gabana. Sumul, ba ko gargada.

Haka ka yi wa garin nan duka. Kowace kaka, kafin a fara harbin barewa, sai ka bi gida-gida da amalankenka kana tattara bindigogi, kana yi wa masu su tsiya. Wanda ya ba ka ƙyafaffen kifi ka karɓa, wanda bai ba ka ba ka sha shayinsa ka wuce. Ba ka taɓa buga sunanka a jikin ko ɗaya ba. Na taɓa yi maka maganar, ka ce, "Beyar ya iya karatu ne?"

Mu nan mun san halin beyar ɗinmu: ƙarar bindiga kiran cin abinci ce a wurinsa, ya san an kayar da barewa. Wata kaka ina kan tudu, ruwa na sauka yana daskarewa a jikin komai, na durƙusa ina feɗe barewa. Na ji kurmi ya kama karyewa a bayana. Abokin tafiyata, baƙo ne daga kudu, ya ɗaga tasa mai tsada wadda ya shafe da mai, ya ja kunama, shiru. Tawa tana kwance cikin laka, ƙanƙara ta lulluɓe ta. Na fizgo ta da safa a hannuna, jini har gwiwar hannu. Na harba, beyar ɗin bai tsaya ba. Na tura zoben na jawo, ya tafi kamar a rumfarka, na sake harbawa. Inda ya faɗi, da na miƙa ƙafa sai in taɓa hancinsa. Da na ba ka labari, abin da kawai ka ce shi ne, "Ka wanke ta da ka dawo, ko ka bar mini aikin?"

Ba ni kaɗai aikinka ya ceta ba. A tambayi Anisim Boskofsky. A tambayi 'yan gidan Torsen su biyu. A tambayi malamar asibitinmu da ke zuwa tsintar 'ya'yan itace ita kaɗai.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. A bakin tasha muna da dutsen da ake sassaƙa sunayen waɗanda suka fita teku ko daji ba su dawo ba. Mai sassaƙa sau ɗaya yake zuwa a shekara, a jirgin ƙarshe kafin hunturu ya rufe hanya, kuma bana zuwansa ya faɗo kafin addu'ar arba'in ta Baba Proko. Na je wurin Dell Ostrander, shugaban kwamitin dutsen, na ce a sa sunansa. Ya ce ba zai yiwu ba.

"A kujerarsa ya rasu, Halvor. Ka san ƙa'ida."

"Ƙa'idar wa? Daga sama aka saukar da ita? Mu muka kafa ta a ɗakin shan kofi."

"Kai kullum sai ka yi wa mutane tsawa kamar ma'aikatan jirginka ne."

"Bindigar da ke bayan ƙofarka wa ya gyara ta?"

Dell ya ce, "Baba Proko yana da kabari. Matrona za ta je ta zauna kusa da shi. Ƙanena ba shi da komai sai layin nan a dutse. Kada ka sa mu haɗa su."

Wannan magana ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na san ƙanen Dell, ni na jagoranci nemansa a teku. Amma sauran 'yan kwamitin, waɗanda suka cika coci suna share hawaye, yanzu kowa na cewa a bari sai baɗi a duba. Na san baɗin garin nan. Baɗi rumfar ta zama wurin ajiye raga, yara su tashi suna ɗana bindigogin iyayensu suna zaton haka aka ƙera su.

Baba Proko, na san da kana nan cewa za ka yi, "Ɗan Norway, zauna ka daina hayaniya." Ba zan zauna ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu inda babu tari babu sanyi. Goggo Matrona, da Fekla da Daria, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ya bari. Kada a daina ambatonsa a gidajenmu.

Ku kuma 'yan kwamiti, za ku zauna ranar Lahadi bayan coci. Na ji maganar Dell, na bar muku fuskar dutsen da ke kallon teku. Amma dutse yana da baya, kuma bayan nan da ke kallon gari babu ko ɗigo a kansa. Ku je ku dubi fuskar, ku nemi sunana. Babu. Ku nemi na Anisim, ku nemi na 'yan Torsen. Babu. Wanda ya hana sunayen nan hawa, shi nake nema wa layi ɗaya. Ban taɓa roƙon kowa komai ba a tsibirin nan, yau ma ba roƙo nake ba. Ku rubuta: Prokopy Selanoff, wanda ya sa muka dawo gida.