Inna ta gane Iferwan tun daga nesa

Muna shiga tashar Agadas da safen nan, ina ta raba ido ina neman wanda zan tambaya motar Iferwan, sai Inna ta ja mini riga.

"Bar wahalar da kanka, ga ta can."

Kwali ne aka manna a goshin wata mota, an rubuta sunan garin a kai, da ɗan nisa ma. Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Ba ga shi a rubuce ba?"

Innata fa bara ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Kwanan baya sai ta ɗora yatsa tana haɗa baƙaƙe ɗaya-ɗaya, har mu ƙosa. Na ce, "To, yau ban ga kin haɗa ba."

Ta harare ni. "Kai in ka hango ƙanwarka, sai ka duba hanci da ido kafin ka san ita ce? Ina ganin sunan, lambun yayata da ke can ya faɗo mini a rai."

Ta wuce gaba, ni mai digiri na biyo ta da jaka, baki har kunne.

Ku fa, wace kalma kuka fara ganewa kamar fuskar ɗan gida?