Inna Fumi, Mai Zanen da Ba Mu Gane Ba

Idan rana ta ɗan ɗago a unguwarmu ta Mayahi, Inna Fumi takan fito tsakar gida da ƙwarya biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da jiƙaƙƙen ƙaro. Sai ta shimfiɗa farar takarda mai kauri bisa allo, ta jiƙa ta, ta zauna tana kallonta kamar mai jiran baƙo. Can sai ta tsoma buroshi cikin ruwan baba ko na jar ƙasa, ta ɗiga, ta bar launin ya yi tafiyarsa. Ni maƙwabcinta ne, tsohon mushen lekol, wato malamin makaranta, na daɗe ina hango wannan aiki ta saman darni. Har yau ban san abin da take zanawa ba.

Sunanta Fumie Kuramochi, mutuniyar Japan ce. Ta zo da ƙuruciyarta cikin masu aikin sa kai, aka ba ta koyar da zane a lekol. Abokan zuwanta suka koma, ita ta zauna. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce a garinsu takarda takan wuni ba ta bushe ba, a nan kuwa kafin ta ɗaga kai ruwan ya tafi, kuma wannan gaggawar ce take so. Na gyaɗa kai don kunya, ba don na fahimta ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Da aka kai wa Malam Sabi'u, limamin unguwa, maganar cewa baƙuwa tana koya wa yara zana surar mutane, da kansa ya je. Ya ɗauki zane ɗaya ya juya shi, ya sake juyawa.

"Baiwar Allah, wannan mene ne?"

"Me ka gani, Malam?"

"Ni dai ban ga mai rai ba."

"To, ni ma ban sa ba."

Ya fito ya shaida wa jama'a babu laifi a ciki, amma kada kowa ya tambaye shi abin da ke ciki.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce Hindatu, wata mata daga Attantane. Mijinta ya tafi cirani Aljeriya, hamada ta cinye shi, ko gawa ba a gani ba. Daga ranar da labari ya iso ta daina magana. An yi rubutu, an kai ta asibiti, shiru. Dangin mijin suka ce ta zautu, suka fara shirin karɓe 'ya'yanta. Gwaggonta ta kawo ta unguwarmu don ta ɗan nisanta da su.

Inna Fumi ba ta yi mata nasiha ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Takan je ta zauna kusa da ita, ta aje mata takarda da launi, ta ci gaba da nata aikin. Da farko Hindatu ko kallo ba ta yi. Daga baya ta tsoma tafin hannu cikin baba ta shafe takardar duka. Haka ta yi ta yi, baƙi bisa baƙi, har gwaggon ta zo wurina tana cewa, "Mushe, anya matar nan ba ƙara mata ciwo take yi ba?" Ni ma tunanina ke nan.

Ran nan Inna Fumi tana ɗiga jar ƙasa, sai Hindatu ta riƙe mata hannu ta ce, "Ba haka yake ba, Inna. Ya fi haka ja."

Gwaggon ta saki muciya ta fashe da kuka. Me ya fi haka ja? Na tambayi Hindatu bayan ta warke, ta ce ita ma ba ta sani ba. Amma 'ya'yanta suna hannunta, kuma yau ita ke tara matan unguwa suna jiƙa takarda.

Inna Fumi, ke ce baƙuwar da ta zama 'yar gari ba tare da an gane ta ba. Ke ce kika sa marinan Tasawa suka fara barin launi ya malale bisa zane, har mata ke tambayar "zubar Fumi" a kasuwa. Mai haƙurin jiran ruwa, ban san sunan aikin da kika yi mana ba. Koyarwa ce? Magani ne? Na rasa.

Yanzu idonta ya yi rauni, ƙanenta ya matsa ta koma gida bayan kaka. Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki, Ya kai ki lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba zan ce ku koyi zane ba. Ku dai koyi zama kusa da mai ciwo ba tare da kun tilasta masa bayani ba. Wanda ya bi ta Mayahi kafin a gama yankan gero, ya tsaya ya gaishe ta. Tana jin Hausa sarai. Mu ne har yanzu ba mu iya nata harshen ba, kuma ba Japananci nake nufi ba.